Akwatin Sautin Abu Gazi

Duk wanda bai san Abu Gazi ba a unguwarmu da ke garin Zarka, kusa da Amman, to a duba masa kunne. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Ya taɓa zaman jiran shagon kayan wuta a Dubai, ya dawo da taken Injiniya, wanda shi ya ba kansa don kada ya wahalar da jami'a. Mu da muka ɓata shekaru a makarantun Turai ba mu dawo da rabin iliminsa ba. Samari na kiransa Farfesan Tsawa, yana amsawa da ɗaga hannu irin na masu tawali'u.

Da aka sa ranar auren Muhannad, ɗan yayarsa, Farfesa ya ce tsohuwar Marsandinsa ce za ta ɗauko amarya, a gaban ayari.

"Yaya, motar haya me ta sani game da kiɗa? Da hannuna zan ƙera akwatin sifika. In na kunna a Zarka, tagogin Amman za su amsa."

"Nayif, ni dai ka kawo min 'yar mutane kafin mansaf, shinkafa da naman walimar nan, ya huce," in ji Ummu Muhannad. Ita kaɗai ke kiransa da sunan yanka, bai kuma taɓa yafe mata ba.

Tsakar gida ta koma masana'anta. Garin katako ya mayar da bishiyar lemon matarsa fara fat. Maƙwabci in ya leƙo gaisuwa, ba ya fita sai da lacca.

"Sauti mai kauri baƙo ne mai daraja, ba ya zama a ɗaki mai ɓaraka. Ku ƙananan akwatuna kuka sani. Dubi sukurorin nan baƙaƙe. Kaf Zarka babu mai irinsu."

Da ya gama yanka, sai ya ga akwatin ya fi ƙarfin bakin but ɗin motar. Da ƙaramin mutum ne, da ya rage wa akwatin tsawo. Farfesa kuwa sai ya haɗa shi a cikin but ɗin, allo bayan allo, ya malala gam, ya ɗaure shi da jikin motar tamau.

"Sun zama jini ɗaya," ya sanar. "Sai dai mutuwa."

Ya ƙi gwada shi a gaban kowa. Sai ayari ya iso shataletalen unguwa, in ji shi, sannan duniya za ta ji.

Ranar biki aka yi wa Marsandi ado da furanni. Amarya Tasnim ta shiga, mata suka rangaɗa guɗa, motoci suka biyo baya da hon. Ana hango shataletalen, Farfesa ya miƙa yatsa wajen maɓalli, sai motar ta fara ɗingishi. Tayar baya ta kwanta. A jikinta ga wani baƙin sukuru, irin wanda kaf Zarka babu mai shi sai mutum ɗaya.

Ango ya fito yana gyara kwat. "Kawu, ina tayar ko-ta-kwana?"

"A ilmance, tana nan."

"Nan ina?"

"Ƙarƙashin akwatin."

Aka zaga ayari, babu tayar da ta dace da tsohuwar motar. Aka ce amarya ta sauya mota, kakarta ta ce jikarta ba kaya ba ce da za a sauke a bakin titi, motar da ta ɗauko ta ita za ta kai ta. A can gida kuwa man mansaf ya fara daskarewa a faranti.

Ummu Muhannad ta sauko daga mota. Ta aro guduma daga wata akori-kura, ta damƙa wa ƙaninta.

A yi wa Farfesa adalci, aikin ya yi ƙarko. Ya doka, akwatin ya ce dum, ya ƙi tsagewa. Ya ƙara, dum. Sauti mai kauri, mai zurfi, babu ɓaraka. Samari suka ji kiɗa ya samu, suka kama kafaɗun juna suka shiga rawar dabka a tsakiyar titi, shi kuwa yana gumi yana ba su amo. Har amarya sai da ta leƙo ta taga tana tafi.

Da allon ƙarshe ya ɓalle, yayarsa ta karɓi gudumar.

"Na yarda, Nayif," ta ce. "Ashe da gaske yana da sauti."