Tawada Ta Bushe a Ofishin Babban Marubuci

Duk wanda bai taɓa leƙa ofishin Babban Marubuci ba, to bai san abin da ake kira shiri ba. Ofis muke cewa saboda haka shi yake cewa. Matarsa, wadda tela ce, har gobe "ɗakin ɗinkina" take kiran wurin. Wata shida ke nan da ya sa aka fitar da kekenta baranda, wai littafin da ke cikin kansa ba ya son ƙara.

Kai, tebur ya ga gata! Biro kala huɗu, kowanne da gwangwaninsa. Fensir goma sha biyu an fiƙe su tsaf, sun yi sahu kamar masu jiran umarni. Ga rula, ga almakashi, ga gam, ga fitila mai lanƙwasa wuya tana yi wa tebur ladabi. Har kwandon shara ya saya na musamman don zubar da rubutun da bai yi kyau ba, kuma mu shaidu ne, bai taɓa jefa ko takarda ɗaya a ciki ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka gwanintarsa. A tsakiya kuwa ga littafin rubutu mai bangon fata, da alƙalami mai bakin zinariya, da 'yar kwalbar tawada.

Abu ɗaya ne kawai bai iso ba tukuna: rubutun.

Da ruwan sama ya jiƙa wa matar yadin wata da ta kawo ɗinki karo na biyu, sai ta kai ƙara wurin yayarsa, mace ɗaya tak da yake sauke murya a gabanta. Yaya ta zo, ta zagaya tebur, ta buɗe littafin ta ga fari fat.

"Shafi ɗaya," in ji ta. "Ranar Asabar kafin azahar. In babu, keke ya koma ɗakinsa."

"Shafi ɗaya, Yaya?" Ya yi 'yar dariyar manya. "Ai kin raina ni. Abin da ke kaina, in na buɗe shi, sai an ƙaro takarda."

Ranar Litinin ya zauna da niyya. Ya juya kujera hagu, sai ta yi ƙiii. Ina hankali zai kwanta a kan kujera mai kuka? Ya tafi neman mai, ya dawo da mai da agogon tebur da wani dutse mai sheƙi na danne takardu. Washegari ya gano hasken taga yana faɗowa ta kafaɗar da ba daidai ba, aka wuni ana jan tebur.

Sauran kwanakin baƙi suka cinye, don shi ya gayyato su. Maƙwabcinsa direba ne ya fi shan bayani. Babban Marubuci ya ɗauko kwalbar tawada ya kai masa hanci, kamar yadda yake yi wa kowa.

"Shaƙa, maƙwabci. Wannan ƙamshin ilimi ne. Ni ba na rufe ta, tawada ma tana son ta sha iska. Ka ga birocin nan? Na ƙananan tunani ne. Jimlar farko ta littafina, wallahi da wannan alƙalami za a rubuta ta, ko kuwa a fasa."

Direba ya shaƙa, ya yi atishawa, ya ce Allah ya ƙara basira.

Asabar da hantsi Yaya ta iso ta zauna a bakin ƙofa, matar na tsaye a bayanta da tef ɗin awo rataye a wuya. Gwanin namu ya sa gilashi, ya naɗe hannun riga, ya gyara murya kamar za a ɗauki maganarsa. Ya tsoma bakin zinariya a kwalba. Ƙwas! Ya sake tsomawa. Ƙwas! Tawadar da ta yi wata shida tana shan iska ta ƙoshi, ta daskare kamar kwalta.

Matar ta ji tausayinsa, don ba mugunta gare ta ba. "Baban yara, ga biro nan har gwangwani huɗu. Ɗauki ɗaya ka rubuta ko mene ne."

"Biro?" Ya dube ta kamar ta zagi kakansa. "Littafin da za a karanta bayan ba mu, a fara shi da abin da ake cika takardar asibiti?"

Ya zuba ruwa a kwalbar, ya motsa da tsinke, ya kai ta rana, ya dawo da ita inuwa. Yana cikin hura mata iska da baki aka kira azahar.

Yaya ta miƙe ta kakkaɓe zani. "A shigo da keke."

Amma kada ku ce ƙoƙari ya tafi a banza. Fitila mai ladabi yanzu allura take haskawa. Kwandon shara ya cika da ƙyallaye, dutse mai sheƙi yana danne yadi. Shi kansa Babban Marubuci an bar masa kujerarsa a lungu, kuma kullum sai ya yi rubutu a littafin nan mai bangon fata, har ya wuce shafi arba'in. Matar tana awo tana faɗa, shi yana rubutawa, da biro.

Jiya direba ya leƙo ya tambayi yadda aiki ke tafiya.

"Shiru, maƙwabci, ina tsakiyar babi," in ji shi. Ya juya. "Maman yara, kafaɗa nawa kika ce?"