Ƙanƙarar Iya Siku a Kofin Sarki

A can ƙarshen daular Zaki, inda ƙanƙara ce ƙasa kuma ita ce ruwan sha, jikokin Iya Siku suka fara tari. Ita tsohuwar farar yanyawa ce, danginta ba su taɓa hura wuta ba, amma ga baƙar toka kwance a ƙanƙararsu. Masanan fada sun daɗe suna cewa hayaƙin masana'antun Sarki sama yake tafiya ya ɓace. Ba wanda ya tambaye su inda yake sauka.

Sai ta sari ƙanƙara, ta naɗe cikin fata da ciyawa, ta nufi fada.

A ƙofa Biri, Sarkin Fada, ya tare ta. A fadar nan kuwa duk abin da talaka ya riƙo gaisuwa ce.

"Iya, har da ɗawainiya? Da zafin nan kuwa!" Ya karɓe.

"Ɗan nan, shaida ce, ba..."

"Mai koke a ƙarshe yake magana. Zauna."

Da aka shiga gaban Sarki, sai Kura, Ministar Muhalli, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, kwamitinmu ya leƙa yankin ta jirgin sama. Fari fat! Ƙanƙarar can ta fi nonon uwa tsabta. Masu kukan gurɓata 'yan adawa ne."

Aka yi tafi. Iya Siku na kallo Biri ya farfasa shaidarta cikin kofin Sarki. Ta ɗaga hannu, ya harare ta, ta sauke. Zaki ya kwankwaɗa, ya lashe gashin baki.

"Madalla. Tsohuwa, me ke tafe da ke?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, kuka na zo yi. Ƙanƙarar nan ita jikokina ke sha. Su bakwai ne, biyu ba sa iya tashi. Na kawo ne a duba baƙin da ke cikinta. Amma tunda Minista ta ce ta fi nono, hankalina ya kwanta."

Zaki ya leƙa gindin kofin, ya ga baƙi ƙirin. Ya ɗan yi tari.

"Biri, akwai saura?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

Aka cika kofin. Zaki ya tura shi gaban Kura. "Minista, bismillah."

Kura ta dubi kofin, ta dubi ƙofa. "Ranka ya daɗe, azumi nake."

Iya Siku ta gyara zama, ta naɗe wutsiya.

"Ba komai, 'yata, ma jira magariba. Mu mun saba jira."