Ranar da Aka Taka Min Farin Kafet

Ba zan taɓa mantawa da wannan ɗan “cuuu” ɗin ba, ƙarar da turaren wuta ya yi da na zuba shi a kan garwashi. Daga nan komai ya lalace.

Asalin abin, Hajiya Bilki, babbarmu a ƙungiyar mata, ta taɓa leƙowa gidanmu da ke wani dogon bene a Silver Spring, can Amurka, ta ce, “Maman Hanan, falon nan naki kamar wurin jiran likita.” Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai. Da taron wata ya zagayo kaina sai na ɗaura ɗamara: labule ruwan zuma har ƙasa, tum-tum na fata daga gida, Ayatul Kursiyyu a bango, ga kafet fari tas (maigida ya ce, “Fari? Da yara?” Na ce ya bar ni). Saura ƙamshi, don falon da ba ya ƙamshi ai ɗakin ajiya ne.

Mata suka cika, kowa ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Hajiya Bilki ta shafa labulen ta ce, “Masha Allah, yanzu kika zo gari.” Kaina ya kumbura, na ƙara turare. Na sake ƙarawa. Sai farar na'urar nan ta silin mai gargaɗin gobara ta kama ihu. Ni sarkin dabara, na wangale ƙofa ina kora hayaƙin waje da mayafina. Ashe wajen ma akwai irinta, kuma ita ta ginin gaba ɗaya ce!

Duk benen ya watso wurin ajiye motoci, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi. Baƙina ga su cikin leshi, wata da takalmin wata. Da 'yan kwana-kwana suka iso, ni na raka su sama. Wani ƙato ya ɗaga ƙafa da jiƙaƙƙen takalminsa na but, ban san lokacin da na ƙwala masa da Hausa ba: “Malam, takalmi!”

Ya dube ni, ya taka abinsa. Ya leƙa kaskon, wai nama nake gasawa a falo? Nama! Turaren da ƙanwata ta aiko min tun daga Maiduguri! Allah ya huci zuciyata, na san aikinsa yake yi, amma har yau in na tuna raina sai ya sosu. Na dai gane, in an yabe ka, ka yi hamdala ka ajiye cokali.

Ina durƙushe ina goge sawun, Hanan, 'yata 'yar shekara shida da na hana ko gilmawa ta wurin, ta dafa kafaɗata, da Hausarta mai ɗingishi ta ce, “Mama, tunda ya yi datti, yanzu mu ma za mu iya zama a ciki?”