Lemun Tsamin da Na Goga

Da ana mayar da jiya, da ban taɓa lemun tsamin nan ba. Shekarar da masu lambar agana suka zo Kudan, an tsattsaga mini dantse da allura kamar kowa. Ni kuwa ina ji da kyawuna, ba na son tabo. Na zagaya bayan gida na goge maganin da lemun tsami, har ina koya wa taubashina Sule. Ya ƙi.

Da bazara agana ta kwantar da ni, har aka fidda rai. Na tashi fuskata duk ramuka.

Har yau in Sule ya gan ni sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Kyakkyawa, ni ɗaya na samu. Kai fa?"