Jirgin Hajo Ya Rasa Shaida

"...lau. Ya hantsi, mijin da ba ya cefane?"

Hajo ke nan, mai cuku a bakin iyakar Jibiya, tana amsa gaisuwar jikanta Abdulfatah. Shi yana cikin masu rubutu a Wikifidiya, kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Yau ya zo ne da babur ya kai ta Ɗan Isa gidan su Ilham, yarinyar da yake nema, domin iyayenta sun ce sai sun ji halinsa daga bakin babba. Mai hankali dai ba ya tsokanar tsohuwa a rana irin wannan. Shi kuwa ya tsokana.

"Hantsi lafiya, amaryata mai haƙori biyu. Hau mu tafi."

"Tsaya tukuna. An ce kai ka rubuta duk inda jirage ke zuwa daga hilin jirgin Katsina. Ka sa Jidda?"

"Wani ya sa, na goge."

"Ka mi?"

"Na goge. Bai kawo majiya ba."

"Ga majiya zaune gabanka, ɗan nema! Ni na hau jirgin Jiddan da ƙafata. Har matuƙin ya ce in zo gaba in nuna mai hanya."

"Ke da ko kasuwar Riko sai an riƙe maki hannu? Ai ba a karɓar 'na gani da idona'. Sai abin da aka buga, kowa zai iya dubawa."

"To, ga jakar da kamfanin jirgin ya ba ni. Da sunansu a jiki."

"Bakin kamfani ne wannan, kowa na yabon kayanshi. Mun fi son jarida, wadda ba ruwanta da su."

"Haƙorin Makkan nan fa? Duba!"

"Maharazu maƙeri ma zai iya sa maki irinshi."

"La'ilaha illallahu! Tun kafin a haifi ubanka nike ƙetare iyakar nan, ko 'yan duwan, kwastan na Nijar, ba su taɓa cewa in buɗe ƙwaryata ba. Yau ɗan da na wanke wa kashi ke neman shaida a kaina."

Abin ya ɗan taɓa ta, gaskiya. Ta sauke jakar, ta gyara zama a kan tabarma, ta ci gaba da jera cukunta.

"Hajo, rana na yi. Suna jiranmu."

"Su jira. In je in ce masu mi?"

"Ki ce ina da hankali, ina da sana'a, ba na ƙarya."

"Ina majiya?"

"Haba! Ke kin san ni."

"'Na gani da idona' ke nan. Ba a karɓa."

"Ai ke kika raine ni!"

"Ka ga kuwa bakin kamfani. Je ka kawo jarida."

Wani direban babbar mota da ke sayen cuku ya tuntsire da dariya. Abdulfatah ya kashe babur, ya durƙusa.

"Na tuba, 'yan mata. Turmin atamfa, a kaina."

"Jidda fa?"

Ya murza makulli a hannunsa. Ya dubi hanyar Ɗan Isa, ya dube ta.

"Zan tona jaridun shekarar da kika je, in na samu in sa. In ban samu ba, wallahi ba ni iyawa, ko da za a fasa tafiyar."

Hajo ta zuba masa ido. Can ta yi dariya har haƙorin Makkan ya bayyana, ta ɗaure cuku a leda ta cusa masa a aljihu.

"Tada babur, mugu. Abin da zan gaya masu ke nan: ko ni bai yi wa ƙarya ba, ranar da yake neman aure. In ɗiyarsu za ta iya zama da irinka, ita ta sani."