Shafi na Ashirin da Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da abin da na jawo wa kaina wata Talata a ƙaramar sakandaren da nake koyar da Turanci a wajen Roni.

Shekarata goma sha shida ina riƙe da alli aka turo mana Nura. Nura fa ɗalibina ne, da hannuna na sha zane shi a kan aikin gida. Sai ga shi ya dawo da digiri, aka raba mana 'yan aji ɗaya, ni A shi B.

Ni koyarwata irin wadda na gada ce: in karanta jimla, yara su maimaita, har ta zauna daram. Shi kuwa sai ya sa su kawo kwalin sabulu da ledar biskit da takardar cikin magani, su zauna biyar-biyar suna haɗa baƙaƙe, kowa kuma ya rubuta jimla uku a kan abin da ya karya da shi. A ofishin malamai na raɗa wa ajinsa suna ajin bola. Aka yi dariya, har da shi.

Kafin zango na biyu ya ƙare, dariyar ta koma ciki. 'Yan ajin bola sun fara karanta allunan shaguna in an je Kazaure. Iyaye suka riƙa zuwa suna roƙon a mayar da 'ya'yansu B (har da ƙanin matata, wanda a gidana ya ci tuwo ranar). Wallahi kishi na ji. In Nura ya rusuna ya gaishe ni, sai in ji kamar zagina ya yi.

Ana nan firinsifal ya sanar cewa wata jami'ar duba makarantu za ta zo daga Kazaure ta kalli darasinmu, ta zaɓi mutum ɗaya da zai je bita a Dutse. Kujera ɗaya tak. Ni ban taɓa zuwa bita ba, na kuma rantse yaron da na zane ba zai riga ni ba. Wani abin haushin, kwalin sababbin littattafai da aka kawo, ajin Nura firinsifal ya ba. Mu muna fama da tsofaffi guda bakwai, yara sittin.

Mako biyu na kwashe ina dasa musu shafi na ashirin da huɗu, labarin wani Audu da ya kai akuyarsa kasuwa. Har yadda za su bi layi da yatsa na koya musu. Ranar Talatar da za ta zo, da sassafe, da yake mukullin sito a hannuna yake, na sunkuci kwalin Nura na raba wa 'yan ajina. Na ce wa zuciyata ai babba babba ne, shi kuma ya je ya karanta ledar biskit. Bangon littafin iri ɗaya ne da namu, don haka ko buɗawa ban yi ba.

Jami'ar ta iso, wata Hajiya dattijuwa mai tabarau, ta ɗauki littafi ɗaya ta zauna a baya. Na gyara babbar riga, na ce a buɗe shafi na ashirin da huɗu. Yara suka ɗauka baki ɗaya, murya tar, yatsu na tafiya a kan layi. Ni kuma ina zagayawa, hannu a baya, ina satar kallonta. Na ga ta dubi littafin, ta dubi yaran, ta cire tabarau ta goge (ni a wautata na ɗauka mamaki ne ya kama ta).

Sai da suka sayar da akuyar tsaf, sannan ta kira wata yarinya, Bilkisu, ta nuna mata hoton da ke shafin, ta tambaye ta da Hausa mene ne wannan. Bilkisu ta ce sauro ne.

"To 'yata, ina akuyar take?"

Na fizgi littafin wani yaro na duba. Ashe sabon bugu ne. Shafi na ashirin da huɗu bayanin sauro ne da zazzaɓin cizonsa. Yara sittin sun bi sauro da yatsa suna cinikin akuya, ba wanda ya lura, har ni malaminsu. Gumi ya karyo mini har cikin hula.

Hajiya ta tambayi tun yaushe yaran suke da waɗannan littattafai. Ina laluben ƙaryar da zan yi, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Nura ne, ya biyo sawun kwalinsa. Ya dubi littattafan, ya dube ni, ya fahimci komai.

"Hajiya, ni na ara wa Malam yau da safe," in ji shi. "Laifina ne, ban gaya musu an sauya bugun ba."

Da ma ya tona ni, da na samu abin jin haushi. Wannan rufin asirin ya fi mari zafi.

A ajinsa, Hajiya ta rubuta jimlolinta a allo. Yaran suka karanta, da in'ina da tuntuɓe, amma karatu ne na gaske. Nura ya tafi Dutse. Da ya dawo, har gida ya kawo mini kwafin takardun bitar, ya durƙusa ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa ina ta yaƙe, na kuma karance su tas, a ɓoye.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ba su faɗa ba shi ne, wani lokacin mai hassadar ne zai ɗauko takin a kansa, ya kai har gonar, a kuma ce masa sannu da aiki.