Tatsuniyar Da Ba Ta Zo Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da na sani, da ranar da na tsaya gaban 'ya'yan mutane a Jidda bakina ya mutu. Ni fa, da a ƙauyenmu na ƙasar Maradun sai uwaye sun zo da tsumagiya suke raba 'ya'yansu da ƙofar ɗakina. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na ɗauko Gizo da Ƙoƙi har matan aure kan bar tuwo ya ƙone (wata amarya 'yar Bakura ta sha faɗa saboda ni, Allah ya jiƙanta).

Sai aka yi dam ɗin Bakolori. Ruwa ya hau gonakinmu, ya hau tsamiyar ƙofar gida, ya hau kushewar maigidana. Mutane suka watse, wasu Mafara, wasu har yau ba labari. Tudun da aka zuba mu tsakuwa ce zalla, kuma yaron da bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da Gizo. Na ninke tatsuniyoyina na ajiye.

Cikin shekarun nan ɗana na fari (ba na faɗin sunansa, kun san dalili), wanda ke aiki a Jidda, ya kai ni hajji, ya riƙe ni a duba mini ido. 'Yarsa Ummi, takwarata, tana makarantar 'ya'yan baƙi, inda ake karatu da Turanci da safe, bayan azahar a koma Larabci. Tana jin Hausa, amma tun zuwana take raɓe-raɓe da ni kamar an kawo musu baƙuwa. Ni kuma ban taɓa yi mata tatsuniya ba. A wurinmu yara ke roƙo, ba tsohuwa ke talla ba.

Wata rana ta zo ta ce makaranta za ta yi taro, kowane yaro ya kawo abin ƙasarsu, ita kuma ta gaya wa malamarta kakarta ta fi kowa iya labari. Zan faɗa, ita ta juya da Turanci. Na ce a raina, jikar nan ta zama tawa an gama.

Surukata ta ce, "Inna, ko za ku ɗan gwada da ita a gida?"

Na ce, "Ke ɗiyar nan, tun ba a yaye uwarki ba nike tatsuniya. Mi za ni gwadawa?"

Ta bar zancen. Yarinya ce mai ladabi.

Ranar na ɗaura saƙina na biki, ɗaya daga cikin 'yan kayan da na tsira da su. Wata Ba'indiya ta yi rawa, wani tsoho ya busa sarewa, aka kira mu. Hantsi ne fa. A gida cewa muke mai tatsuniya da rana ɓata yake a daji, amma na ce ina daji a Jidda.

Na gyara tsayuwa gaban lasifika na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Na jira.

Duk yaron da aka goya a ƙasar Hausa ya san sai an amsa ake ci gaba. Ban sa rai ga 'ya'yan Turawa da Larabawa ba. Ummi na duba. Ita ma ni take kallo, tana jiran abin da za ta fassara.

Na sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Na laluba cikina in fara haka nan, na tarar ba kowa, ba Gizo ba Ƙoƙi. Ashe duk shekarun nan amsar yara ke jawo mini labari, kamar guga da igiya. Na daka tsawa na maimaita, har wani ɗan jan yaro a layin gaba ya fashe da kuka. Sai na ji nawa hawayen suna bin saƙi.

Malamar ta ɗauka wata waƙar makoki ce ta ƙasarmu. Ta fara tafi, ɗaki duka ya ɗauka. Har fure aka ba ni.

A mota, muna hanyar gida, sai Ummi ta taɓa gwiwata.

"Kaka, ni kike jira?"

"Ke nike jira."

"Me zan ce?"

"Ta zo mu ji ta."

Ta juya shi a baki a hankali, ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Na ce, "Ba a tatsuniya da rana." Na juya ina kallon titi, don kada ubanta ya ga fuskata a madubi.

Na daɗe ina tsine wa dam, na ce shi ya kwashe mini masu amsawa, kuma ya kwashe. Amma wannan guda ɗaya ruwa bai taɓa ta ba. Tana kusa da ni wata da watanni, ina jiran yarinya ta roƙi abin da ba ta san akwai shi ba. Yanzu duk jaririn da aka miƙo mini, kafin in tambayi sunansa na fara koya masa amsa.